Hawan Sallah a Daura

Hawan Sallah a Daura biki ne na dawakai wanda Sarkin Daura da hakimansa da sauran masu riƙe da sarauta ke yi a birnin Daura da ke Jihar Katsina, a arewacin Najeriya. Ana yin sa ne a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, sannan akwai hawan Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Mahaya na zuwa daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Ginshiƙin bikin ɗaya ne a kowace shekara: Sarki ya fito jama'a su gan shi, hakimai kuma su kawo gaisuwa su jaddada mubaya'a. Amma ranar hawan da yanayin da ake yin sa da yawan mahaya da irin baƙin da ke halarta duk suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, har akwai shekarun da aka fasa hawan gaba ɗaya.

Asali

Daura na da matsayi na musamman a tarihin baka na Hausawa. Labarin ya nuna cewa mata ne suka fara mulkin ƙasar da sarautar Magajiya, kuma a zamanin Magajiya Daurama ne Bayajidda ya iso garin ya kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Daga zuriyarsa ne aka ce an sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Sarautun Galadima da Kaura, waɗanda har yau suke cikin manyan sarautun fadar, suna da nasu gurbin a cikin wannan labari.

Hawan ya samo tushe ne daga zamanin yaƙe-yaƙe, lokacin da ƙarfin kowace masarauta ya dogara ga dawakanta. Ranar Sallah ce ranar da sarki ke ganin adadin barade da kayan yaƙin da kowane hakimi zai iya kawowa, hakimin da ya ƙi zuwa kuwa ana ɗaukar sa a matsayin mai shirin tawaye. A shekarar 1805 Malam Ishaku ya ci Daura a lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, gidan sarautar Haɓe ya fice ya kafa mazauni a wurare irin su Zango da Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka mai da sarautar Daura hannun Malam Musa na gidan Zango. Bayansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar wanda ya hau gadon sarauta a 2007. Masanin nan M. G. Smith ya yi bayanin tsarin sarautun masarautar a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

Da yaƙi ya ƙare, hawa ya koma bikin nuna al'ada da biyayya. Turawan mulkin mallaka sun ara shi don tarbar manyan baƙi, suka laƙaba masa sunan da suka zo da shi daga Indiya, wanda Hausawa suka mayar daba. An yi irin wannan babban hawan daba a Kano a 1925 don Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth ta Biyu, da kuma a 1977 lokacin bikin FESTAC.

Yadda hawan yake

A ranar Sallah, bayan an idar da sallar idi, Sarki kan hau doki ya ratsa gari zuwa fada. Kowane hakimi na tafe da tawagarsa: 'ya'yansa da barorinsa da dagatansa da makaɗansa. Akwai 'yan bindiga masu harba bindigar gargajiya, da dogarai, da 'yan lifidi da 'yan sulke masu sanye da kayan yaƙin da, da zagage masu tafiya a ƙasa gaban dokin Sarki. Ana gane inda Sarki yake da laima da kuma amon tambari da kakaki da algaita. A ƙofar fada mahaya kan yi sukuwa ƙungiya ƙungiya, su ja linzami a gaban Sarki su ɗaga hannu, abin da ake kira jafi. Daga nan Sarki ya yi wa jama'a jawabi.

A kwanakin da ke biyo bayan ranar idi ana yin Hawan Magajiya, wanda ya ɗauki sunansa daga tsohuwar sarautar matan da suka mulki Daura. Shi ne hawan da ya bambanta Daura da maƙwabtanta, kamar yadda aka san Kano da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, aka san Katsina da Hawan Bariki. Gwamnan jiha da manyan jami'an gwamnati sukan halarce shi.

Sallar Gani kuwa tana zuwa ne a watan Rabi'ul Awwal, wanda Hausawa ke kira watan Gani, a daidai lokacin Mauludi. Masu tarihin baka na danganta ta da tsofaffin bukukuwan fada da kuma tunawa da zamanin Bayajidda, kafin daga baya ta haɗu da murnar haihuwar Annabi Muhammadu (SAW). Ana yin biki mai wannan suna a Gumel da ke Jihar Jigawa, da kuma Nikki a Jamhuriyar Benin.

Sauyin rana da yanayi

Babban dalilin da ya sa hawan bana ba ya zama daidai da na bara shi ne kalandar Musulunci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka kowace Sallah na matsowa gaba da kimanin kwana 11 a kalandar Miladiyya, sai ta zagaya dukan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. Ga ranakun da aka yi idi a Najeriya a 'yan shekarun nan:

2019: Ƙaramar Sallah 4 ga Yuni, Babbar Sallah 11 ga Agusta
2020: 24 ga Mayu da 31 ga Yuli
2021: 13 ga Mayu da 20 ga Yuli
2022: 2 ga Mayu da 9 ga Yuli
2023: 21 ga Afrilu da 28 ga Yuni
2024: 10 ga Afrilu da 16 ga Yuni
2025: 30 ga Maris da 6 ga Yuni

A ƙasar Daura damina na kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi yawa a Agusta. Ke nan Babbar Sallah ta shafe waɗannan shekaru tana faɗowa a cikin damina ko a bakinta. Hawan damina ba shi da ƙura, ga ɗanyar ciyawa ga dawakai, amma hadari na iya tasowa ana tsakiyar hawa, kuma ruwa na ɓata rawani da alkyabba da kayan doki masu tsada. Lokacin noma ne kuma, mutanen karkara da yawa hankalinsu na gona. Ƙaramar Sallah a wannan tsakani ta ratsa bazara, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke galabaitar da doki da mahayi, musamman mai sanye da lifidi ko sulke, bayan an fito daga azumin wata guda. Nan da 2030 za ta koma farkon Fabrairu, cikin sanyin hunturu da hazo. Sallar Gani ma haka take tafiya: a 2019 watan Nuwamba ta zo, bayan kaka, amma daga 2023 zuwa 2025 Mauludi ya faɗo ne a Satumba. Akan ma sami shekarar Miladiyya mai Ƙaramar Sallah biyu, kamar 2000 da aka yi ta a Janairu aka sake yi a Disamba.

Ganin wata shi ma yana da nasa tasirin. Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin jinjirin wata daga Sakkwato. Da yake azumi na iya zama kwana 29 ko 30, ba a tabbatar da ranar Ƙaramar Sallah sai a daren jajibiri, saboda haka hakiman nesa kan iso Daura da dawakansu tun kafin sanarwa. Babbar Sallah kuwa ana sanin ranarta tun farkon watan Zulhajji. Jamhuriyar Nijar na yin tata sanarwar, kuma akan sami shekarar da ta riga Najeriya Sallah da kwana ɗaya, duk da cewa iyakar Kwangwalam ba ta da nisa da Daura.

Shekarun da aka fasa hawa

Ba kowace shekara ce ake hawa ba. A ranar 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, a daidai lokacin da hare-hare suka yi ƙamari a wasu sassan Jihar Katsina. Masarautar ta soke hawan Ƙaramar Sallah na wannan shekara, aka nemi jama'a su duƙufa da addu'a. An kuɓutar da Magajin Garin a Kano a farkon watan Yuli.

A 2020 annobar korona ce ta hana. Daura na cikin wuraren farko da cutar ta ɓulla a jihar, har gwamnati ta kafa dokar hana fita a ƙaramar hukumar a watan Afrilu. An yi Sallah a wannan shekara ba tare da taron hawan da aka saba ba, kamar yadda ya faru a sauran manyan masarautun Arewa.

Irin wannan tsaiko bai tsaya ga Daura ba. A Kano 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar 2024 da kuma a 2025 saboda rikicin sarauta, alhali a Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Baƙi da sababbin sarautu

Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da ɗan garin Muhammadu Buhari ke shugabancin Najeriya, Sallah a Daura ta sami wani sabon salo. Ya saba zuwa gida yin Babbar Sallah, zuwansa kuma kan jawo gwamnoni da ministoci da 'yan jarida, tare da tsauraran matakan tsaro a hanyoyi da filin idi. A Agustan 2019 shugaban ƙasar Gini na lokacin, Alpha Condé, ya yi sallar idi tare da shi a Daura. A 2020 kuwa Buhari a Abuja ya yi Sallah saboda annobar. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15 ga wata.

Naɗin sarauta shi ma yana sauya jerin gwanon mahaya. Duk wanda aka naɗa yana da gurbinsa a hawa, idan kuma mai sarauta ya rasu magajinsa kan fito da sabuwar tawaga. A Disamban 2021 an naɗa Yusuf Buhari Talban Daura, a Fabrairun 2022 kuma aka naɗa ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, Ɗan Amanar Daura.

Akwai kuma baƙi daga tsallaken iyaka. Tsohuwar ƙasar Daura ta miƙa har cikin yankin da yake Nijar a yau, kafin Ingila da Faransa su raba ta, kuma zumunci da auratayya ba su yanke ba tsakaninta da garuruwa irin su Magarya da Matamai da Damagaram. Rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun wahalar da zirga-zirgar 'yan kallo da 'yan kasuwa a waɗannan shekaru.

Tattalin arziki

Hawa abu ne mai cin kuɗi. Hakimi na bukatar dawakai da abincinsu na dawa da gero da dusa da harawa, da sirdi da likkafa da linzami da jalala, da ɗinkin anko ga mutanensa, da kuɗin motar ɗauko su daga gundumarsa, da ciyar da su kwanakin da za su yi a birni. Wanda ba shi da isassun dawakai kan ara ko ya yi haya. Shi ya sa armashin hawa ke bin halin da shekara take ciki: idan damina ta yi kyau hatsi ya yi araha tawaga kan cika, idan kuwa ana tsadar rayuwa, kamar bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ɗawainiyar kan yi wa masu sarauta nauyi.

A ɗaya ɓangaren, mutane da yawa na cin abinci da bikin: dukawa da maƙera da teloli da masu ɗinkin hula da na babbar riga, da makaɗa da maroƙa, da masu ɗaukar hoto, da masu sai da abinci da abin sha, da dillalan kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Shekarar da aka soke hawa, waɗannan ne asarar ke fara taɓawa, tun da da yawansu sun riga sun zuba jari kafin sanarwa ta fito.

Sababbin abubuwa da abin da ya ɗore

Kayan hawa su ma suna tafiya da zamani. Yadin kanti da zaren masana'anta sun maye gurbin saƙi a wurare da yawa, tawagogi kuma kan sauya launin ankonsu kowace shekara don su yi fice. Lasifika ta shiga fada, wayar hannu ta sa ana kallon hawan kai tsaye a Facebook da TikTok, har 'yan Daura mazauna Legas ko Saudiyya na bin sa daga inda suke. Jawabin Sarki ma yakan bi matsalar shekara: wani lokaci tsaro, wani lokaci rigakafin cututtuka, ko sa yara makaranta, ko gargaɗi kan sayar da amfanin gona tun da kaka.

Abubuwan da suka ɗore su ne tsarin fifiko tsakanin masu sarauta, da amon tambari, da jafi a ƙofar fada, da sunan Magajiya da ke kan ɗaya daga cikin hawan. Yaran da ke hawa a bayan iyayensu a nan suke koyon riƙon linzami da naɗin rawani da sanin gurbin gidansu a jerin gwano. Wannan ne ya sa masu kula da al'ada ke damuwa idan aka jera shekaru ba a hau ba, domin ilimin hawa da kiɗan fada ba a makaranta ake koyon su ba, a filin hawa ake gadon su.