Zurfin Bangaskiyar Kirista a Sabon Garin Kano

Duk wanda ya bi ta Sabon Garin Kano ran Lahadi da hantsi zai tarar da majami'u cike maƙil, waƙoƙi suna tashi da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci. Tun wajen 1913, da Turawan mulki suka keɓe wannan unguwa domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, masu bin Almasihu suke zaune a cikinta. To, amma yawan taro dabam, zurfin bangaskiya dabam. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda Kirista ke yin zurfi cikin addininsa, da inda ake ganin alamar zurfin nan.

Tushen abin dai karatu ne. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan shekaru da yawa na wahala da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Tun daga lokacin, mai jin Hausa ba shi da hujjar dogara ga abin da ya tsinta a bakin wani. Mu da aikinmu horad da malamai ne mun sani, ɗalibin da ya haddace darasi bai fahimta ba, da an juya masa tambaya sai ya ruɗe. Haka mai bi yake. In wa'azin Lahadi kaɗai ne abincinsa, ba ya buɗe Littafin a gida, ba ya addu'a da iyalinsa, ran da wahala ta zo sai ya rasa madafa.

Amma karatun ba shi ne iyaka ba. Wasiƙar Yakubu ta nace a kan cewa ayyuka ne shaidar bangaskiya, kuma a Kano muna da misali a fili. A 1943 Mishan ta S.I.M. ta buɗe asibitin ido, wanda yau ke hannun ikilisiyar ECWA. Masu yanar ido suna zuwa daga cikin birni da ƙauyuka, har daga Nijar, mafi yawansu kuwa Musulmi ne, ana yi musu aiki su koma gida suna gani. Wannan ya fi dogon jawabi bayyana abin da addinin ke koyarwa.

Ba kowa ne likita ba, amma kowa yana da wurin jarrabawarsa. Mai tireda a kasuwar Sabon Gari, mudunsa da ma'auninsa ne. Akawu, amanar ofis ce. Malamin makaranta, ya shiga aji kan lokaci, ya daidaita ɗan Musa da ɗan Bulus wajen ba da maki. Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Jarrabawa mafi wuya ita ce ta maƙwabtaka. Ba a manta da tarzomar 1953 da ta 1991 ba, an yi hasarar rayuka da dukiya, kuma tsoro yakan sa mutum ya ƙulle kansa cikin 'yan'uwansa. Duk da haka, a Janairu 2012, lokacin zanga-zangar kuɗin mai, an ga samari Kirista a Kano sun kewaye Musulmi suna tsaronsu har suka idar da salla, Musulmi kuma suka ziyarci majami'u a Sabon Gari.

Saboda haka muna kira ga iyaye da fastoci da Zumuntar Mata, su koya wa yara tun suna ƙanana cewa mutumin Fagge da na Rijiyar Lemo yana cikin maƙwabtan da aka umurce su su ƙaunata. Su je masa barka ran suna, su je ta'aziyya ran rasuwa, su biya shi bashi kan alkawari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.