Malamin da Ya Yi wa Littattafan Kano Jana'iza, Gawa Ta Ƙi Kwanciya

Mai karatu, a ce kai malamin jami'a ne, ka sha Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja har ka haddace, ka san ƙa'idar rubutun Hausa ciki da bai. Ran nan ka shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano, sai ga rumfa maƙil da 'yan siraran littattafai, takarda mai araha, bango da zanen saurayi da budurwa, tun a shafin farko kurakuran rubutu suna yi maka sallama. Ka ɗaga kai, ka ga 'yan mata da matan aure suna rububin saye, abin da ba ka taɓa ganin an yi wa littafin da kake koyarwa ba. Me za ka yi? Murna za ka yi Hausawa sun kama karatu, ko takaici ne zai rufe ka?

Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, alƙalami ya ɗauka. Ƙurar da ya tayar kuwa sai da ta yi kusan shekara goma ba ta lafa ba.

A da, mai son ganin littafinsa na Hausa a buge, Zariya ya nufa. Tun daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har zuwa zamanin kamfanin buga littattafai na NNPC, sai edita ya duba, ya gyara, ya amince. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. Ga matasa da labarai cike da ciki, ga ƙofa a rufe. Sai suka ce to, Allah ya ba da sa'a, mu buga da kanmu.

Haka aka yi. A tsakiyar shekarun 1980 Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, hanya ta buɗe. Mutum ya rubuta da hannu, ya kai wa mai tafireta, ya tara 'yan kuɗinsa ya kai ƙaramar maɗaba'a, sannan ya ɗauki kaya ya bi 'yan kasuwa rumfa-rumfa. Kashi na ɗaya a tsayar da shi daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, kuɗin da ya kawo a buga kashi na biyu da su. A Kano aka kafa ƙungiyar Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Kada ka manta kuma inda waɗannan matasa suka tashi: garin da silimar Plaza ke Fagge, El Dorado ke Sabon Gari, ana ta haska finafinan Indiya shekara da shekaru. Wanda ya girma yana kallon masoya suna faɗa da auren dole, me kake zaton zai rubuta?

In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a 1991, gari ya ɗauka. Labarin 'yar mai kuɗi ce da ta ƙwallafa rai a kan talaka, da aka matsa mata ta faɗa rijiya. Nan fa iyaye suka ce ga abin da muke gudu, littafi zai koya wa 'ya'yanmu faɗawa rijiya.

A wannan shekara Malumfashi ya fara rubutu a jaridar Nasiha, yana cewa akalar rubutun Hausa na buƙatar sauyi. Zarginsa a fili yake: jigo ɗaya ake ta juyawa, ba a kula da ƙa'idar rubutu, labaran kuma an kwaso su daga finafinan Indiya an sa musu hula da mayafi. Bayan 'yan shekaru ya raɗa musu sunan da ya bi su har yau, Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Onica, waɗanda suka yi tashe a kudu kafin yaƙin basasa sannan suka ɓace. Marubuta sun gane saƙon sarai: ku ma haka za ku ɓace.

In za a faɗi gaskiya, ba duka maganarsa ce son rai ba. Akwai littattafan da ba a iya karanta shafi guda ba tare da ciwon kai ba, akwai waɗanda fim ne sukutum aka juye. Amma a cikin rumfar nan akwai Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta dawo ta yi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Matar da ta rubuta zafin auren wuri da wulaƙancin miji daga abin da idonta ya gani, a Indiya ta kwaso? Da kai ne ita, mai karatu, aka haɗa ka da tarkace aka yi muku kuɗin goro, shiru za ka yi?

Marubutan ba su yi shiru ba, amma wanda ya fi tsaya musu ya fito ne daga inda ba a zata ba. A lokacin, Abdalla Uba Adamu farfesa ne a fannin koyar da kimiyya a Jami'ar Bayero, babu abin da ya haɗa aikinsa da littafin soyayya. A 1999 ya faɗo cikin muhawarar a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi. Tare da shi akwai Yusuf Adamu, malamin labarin ƙasa kuma marubuci. Mako-mako ana musayar wuta, wannan ya rubuta, wancan ya mayar, masu karatu na jiran fitowar jarida.

Hujjar da ta fi zafi ita ce wannan: in aro laifi ne, to a fara da Abubakar Imam. Ai Magana Jari Ce, wanda kowa ke rantsuwa da shi, East ne ya tara wa Imam littattafan Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya karanta ya saƙa nasa. Akwai Dare Dubu da Ɗaya a ciki, akwai tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Grimm. Shi kansa akun nan na cikin littafin, mai ba da labari don ya hana mutum fita daga gida, a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa aka fara jin irinsa. Ashe tun 1937 Indiya ta shigo adabin Hausa, ta ƙofar Zariya, da izinin edita!

Ka zaci wannan zai sa malamin ya sassauta? Ina! Da aka shiga shekarar 2000 sai ya rubuta maƙalar da ya kira jana'izar Adabin Kasuwar Kano. Kuma yana da dalili. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar bidiyo ke ta haɓaka, manyan marubuta maza suka koma bayan kyamara, Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba duk sun taɓa. Mai kuɗin littafi ya koma sayen kaset. Wa zai ga haka bai ce an gama ba?

Abin da lissafin bai hango ba shi ne mata. Da maza suka tafi fim, matan da ke cikin gida suka karɓe alƙalami, su Bilkisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa da ɗimbin waɗanda suka biyo bayanta. Ana bayar da hayar littafi a unguwa, ana karanta shi a rediyo, kwafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin ya yage. A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka buga jerin sunayen irin waɗannan littattafai da suka fito tsakanin 1987 da 2002, suka lissafa sama da 700, ga kuma tarinsu a ajiye a makarantar SOAS ta Landan. An yi salla, an yi addu'a, gawa kuwa tana kasuwa tana ciniki.

Haɗarin gaske daga wani gefe ya zo. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Hukumar tace finafinai ta jiha, a zamanin Abubakar Rabo, ta ce marubuta ma su zo su yi rajista a duba aikinsu. A nan ne aka ga bambanci. Mai suka da alƙalami, komai zafinsa, ya bar maka filin mayar da martani, har ya sa ka koma ka gyara rubutunka don kada ya sake samun abin faɗa. Ashana kuwa ba ta muhawara. Da kai marubuci ne a Kano a wannan shekara, ajiye biro za ka yi, ko ci gaba?

Sun ci gaba. A 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne cikin Ingilishi, aikin Aliyu Kamal. Ka san wa ya buga? Kamfanin Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya. Littattafan da aka ce sun yi sata daga Indiya, Indiyawa ne suka zo neman ɗaya daga cikinsu. A 2014 kuma gwamnatin tarayya ta ba Ado Gidan Dabino lambar girma ta MON.

To shi malamin fa? Nan ne labarin ya fi daɗi. A 2009 ya fitar da Adabin Abubakar Imam, inda ya bi sawun labaran Imam yana nuna inda aka samo su, wato shi da kansa ya zurfafa binciken da abokan hamayyarsa suka yi masa makami da shi. Da sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Farfesa Malumfashi na cikin alƙalan da suka zauna suna tantance labaran. Sannan ya tattara babban kundinsa, Labarin Hausa a Rubuce, daga 1927 zuwa 2018, tarihin da ba yadda za a yi a rubuta shi a tsallake marubutan da ya taɓa yi wa likkafani. Mai jana'iza ya zama mai ajiye tarihin mamaci.

A nawa ganin bai faɗi ƙasa warwas ba. Littafin takarda ya ja baya ƙwarai, rumfunan sun ragu, sai dai wayar hannu ce ta yi wannan aiki. Marubutan sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, suna sakin labari shafi-shafi, mai karatu ya tura kuɗi a tura masa ci gaba. Kasuwar ce dai, ta sauya mazauni.

Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne tsofaffin kwafin. An buga su a takarda marar ƙarko, da yawa ba a sake bugawa ba, kasuwar Sabon Gari kuma ta sha mummunar gobara a 2016. Mai karatu, in akwai irinsu a ƙarƙashin gadonka ko a tsohuwar akwatin mahaifiyarka, kada ka bari a ƙulla ƙosai da su. Kakkaɓe su, ka kai ɗakin karatu mafi kusa da kai.