Idan Hoton Ƙirji Ya Fito Lafiya, Shi Ke Nan?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Maiyama ya rubuto cewa ƙirji ya riƙe yayansa farat ɗaya a kasuwar Jega. An yi masa hoto ba a ga kome ba, amma likita ya ce a wuce da shi Sakkwato. Shin hoton ne bai yi kyau ba?

AMSA: To malam, Allah ya ba shi lafiya. Hoto iri-iri ne, kowane da abin da yake gani.

Wanda aka fi sani shi ne eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Rontgen ya gano a 1895. Yana nuna karayar haƙarƙari, da limoniya, da tabon tarin fuka, da iskar da ta taru ta danne huhu, da girman zuciya. Amma fa ba ya nuna jijiyar zuciya da ta toshe. Ka ga ke nan, mutum na iya kasancewa cikin haɗari alhali hotonsa tas.

Don haka likita kan fara da awon ECG, wato a manna wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciya a takarda. Ana so a yi shi cikin minti 10 da isowar majiyyaci, a haɗa da gwajin jini.

Sai sikanin zuciya, irin dai wanda ake yi wa mata masu ciki. Shi yakan nuna yadda zuciya take matsawa, da ruwan da ya kewaye ta.

Akwai kuma CT, wanda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971. Akan yi allurar wani ruwa a jijiya, sai a ga gudan jini da ya tokare hanyar huhu, ko tsagewar babbar jijiya. Irin wannan sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya sa likita kan tura mutum Sakkwato.

Jama'a, Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ba kowane ciwon ƙirji ne na ƙashi ba, kuma kada a ce ai olsa ce kawai. In ƙirji ya danne kamar an aza dutse, ga gumi, ga haki, ko zafin ya gangara hannu ko muƙamuƙi, kada a jira gari ya waye. A garzaya asibiti mafi kusa.

Da fatan ka gamsu, malam. Mu kwana nan.