Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi na'urar waifai a Batsari da Safana

A gidaje da yawa na Batsari da Safana akwai wuri guda da kowa ya sani, ko gindin darbejiya ko ƙofar zaure, inda ake zuwa a ɗaga waya sama in ana son saƙon WhatsApp ya tafi. Maigidan da ya gaji da wannan yakan ba da saƙo Katsina ko kasuwar Farm Centre ta Kano a sayo masa rauta, wato na'urar waifai. A kawo, a kunna, fitilu su kama, amma ɗakin da ake so ya samu sabis har yanzu shiru. Kuɗi sun tafi, kuma sau da yawa ba laifin na'urar ba ne. Galibin shawarwarin da ke yawo an tsara su ne domin gidajen Legas da Abuja, inda wayar faiba ke shigowa har falo. A nan kuwa ta iska intanet ke zuwa, daga turken MTN ko Airtel ko Glo, ta tarar da katanga mai kauri da rufin kwano da wutar da ba ta zama.

A waje matsalar take ko a cikin gida?

Tafiyar intanet zango biyu ce. Na farko daga turken kamfani zuwa rautarka, na biyu daga rauta zuwa wayoyin mutanen gida. Zango na biyun shi ne waifai. Rauta kamar kan famfo take: komai tsadarsa, abin da bututu ya kawo shi zai zubo. Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, gano zangon da ke da rauni.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ari layukan kamfanoni daban-daban, ka sa a waya mai 4G, ka zaga gidan: zaure, tsakar gida, bakin taga, har kan soro in akwai. Kada ka dogara da sandunan da ke saman fuskar waya, domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. A saitin wayoyin Android, wajen bayanin layi, akwai lambar ƙarfin sigina mai alamar ragi a gabanta. In ka ga wajen -80, kana da sabis mai kyau. In ta kai -100 ya yi rauni, daga -110 kuwa sai haƙuri. Sannan ka auna gudu da Speedtest ko Fast.com sau biyu, bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. In da safe yana gudu da dare yana rarrafe, cunkoso ne ya yi wa turken yawa, kuma babu na'urar da za ka saya ta rage mutanen da ke kansa. Maganin wannan shi ne sauya kamfani.

A cikin garin Batsari ko Safana gwajin kan nuna cewa sabis yana nan, shiga ɗaki ne ya gagare shi. A ƙauyukan da suka yi nisa da turke, ta wajen Runka ko Wagini, a zango na farko aka fi samun cikas.

Maifai, rauta ko eriya ta waje

Maifai, 'yar ƙaramar nan mai batir da ake sa wa a aljihu, ta ɗalibi ce ko mai POS, mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya. Eriyarta ƙarama ce, batirinta kuma yakan kumbura in aka bar ta a caji dare da rana cikin zafin bazara. Gida mai iyali rauta ta kan tebur yake buƙata, wadda ake sa wa layi.

Abu biyu za ka tambayi mai shago. Na farko, a kulle take ga kamfani ɗaya ko tana karɓar kowane layi? Ta kamfani ta fi araha, amma a wurin da turke ɗaya kan ɗauke kwana da kwanaki, wadda ke karɓar kowane layi ta cancanci ƙarin kuɗinta. Na biyu, tana da kafofin ɗaura eriya ta waje a bayanta? Wannan tambayar ita aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi amfani ga mutumin ƙauye. Eriya mai fuska ɗaya, a kan ƙarfe sama da rufi, an juya ta saitin turke, tana iya mayar da sabis mai yankewa ya zama na aiki. Sharaɗinta kada wayar da ke tsakaninta da rauta ta yi tsawo, domin sigina na zubewa a hanya. Shi ya sa a wuri mai nisa sosai aka fi son rautar da ita kanta ake kafewa a saman ƙarfen, kebul ɗaya ya kai mata wuta ya sauko da intanet. Da damina a kula da tsawa: a sa wa ƙarfen waya mai shiga ƙasa.

Duba kuma cewa na'urar na kama ƙananan zangunan mitar 4G, irin 700 da 800, waɗanda suka fi tafiya nesa da ratsa bango. Rautar 5G kuwa, in gwajinka bai nuna 5G a unguwarku ba, kuɗin abin da ba za ka mora ba za ka biya.

Za a iya yi maka tallar busta, wadda ke ƙara ƙarfin sabis ɗin waya kai tsaye. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sha gargaɗin cewa sayar da ita da amfani da ita ba da izini ba laifi ne, domin tana dagula wa maƙwabta sabis. Eriyar da ke haɗe da rautarka ba ta cikin wannan.

Katanga da kwano

Waifai na fita ta zangunan mita biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango ɗaya mai kauri ya isa ya karya shi. Na 2.4 ya fi haƙuri da katanga, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa shi kaɗai suke gani. Ginin ƙasa mai kauri yana shanye sigina, ya fi shanyewa in ya sha damshin damina. Kwano da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da ita suke yi baya.

Tsarin gidan Bahaushe yana da wata fa'ida a nan da ba a cika lura da ita ba. Ɗakuna suna fuskantar tsakar gida, tsakar gida kuma fili ce. Rautar da aka rataye sama a rumfa, cikin inuwa, inda ruwa ba ya taɓa ta, tana ganin ƙofofi da tagogin ɗakuna da yawa a lokaci ɗaya. Wadda aka kulle a turakar maigida, a bayan talabijin, sai ta ratsa bango biyu kafin ta kai ɗakin kowa. Na san dalilin kulle ta, yara da ɓarayi, amma akwatin katako mai ramuka da kwaɗo ya wadatar. Kada dai a yi shi da ƙarfe.

Lambobin da ke jikin kwali kada su ruɗe ka. AC1200, alal misali, gudun zangunan biyu ne aka haɗa, wajen 300 da 867. In megabit goma turke ke ba ka, goma ɗin za a raba.

In gidan mai sassa ne

Babban gida mai sashen 'ya'ya da na ƙanne ya fi ƙarfin rauta ɗaya. Abin da aka fi saya shi ne 'yar na'urar da ake cusawa a soket ta maimaita sigina, saboda arha. Ita ce kuma ta fi ba da kunya: tana rage gudu kusan rabi, in kuma aka ajiye ta a ɗakin da sigina ta mutu, raunin take maimaitawa. Na'urorin mesh, irin Deco na TP-Link, sun fi ta tsari, amma su ma sai sun ji juna, kuma kowace na son wutarta.

Ni dai kebul nake zaɓa. Cat6 na kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. A ja shi cikin bututun roba ta bin katanga zuwa ɗaya sashen, a haɗa da rauta ta biyu mai sauƙin kuɗi, a ba ta suna da kalmar sirri irin na ta farko. Nemi na jan ƙarfe zalla, domin akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, mai saurin karyewa.

Wuta

Wanda ya dogara da wutar KEDCO kaɗai, waifai ɗinsa na 'yan sa'o'i ne. Abin daɗin shi ne rauta ba ta da ci, wajen wat 10 ne, kuma yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi. Ƙaramin batirin ajiya da ake haɗawa tsakaninta da soket zai riƙe ta sa'o'i, batirin sola mai amfiya 100 kuwa zai kwana biyu da ita ba tare da an sha fiye da rabinsa ba. Duba bolt ɗin da aka rubuta a ƙasanta kafin ka haɗa.

Maganar Starlink

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindigar dajin Rugu da kewaye, har da Batsari da Safana, kuma sai ƙarshen shekarar aka fara maido da shi. A watannin nan duk wata rauta mai layi ado ce kawai. Wannan na cikin abin da ke sa mutanen yankin sha'awar Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, wanda daga tauraron ɗan'adam yake ɗauka.

Yana aiki, amma a yi lissafi. Kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata na dubban gomomi. Babban farantinsa na cin wat 75 zuwa 100, wato batirin da zai kwana biyu da rauta, shi sa'a shida zuwa takwas zai yi. Ƙaramin, Mini, bai kai rabin wannan ci ba. Yana son sararin sama ba reshen bishiya, ruwa mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci, kuma a wurin da ake kaffa-kaffa da nuna abin hannu, inda za a kafa shi ma abin dubawa ne. Ya fi dacewa da makaranta, asibiti, shagon kwamfuta mai hidimar ɗalibai, ko gidaje da suka yi karo-karo.

Data da ke ƙarewa ba a sani ba

Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, saurin ƙarewar data ya zama babban ƙorafi. Waya in ta hau waifai ɗauka take kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya. A saitin waifai na kowace waya a nuna mata cewa layin mai awo ne. Bidiyo mai kyan hoto na iya cin gigabait ɗaya a sa'a, kuma tsarin da ake cewa ba shi da iyaka galibi yana da adadin da in an kai ake rage gudu, sai a karanta sharaɗin kafin a biya.

Sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, da ta shiga saitinta, ka zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Wayoyin yanzu na raba kalmar sirri ta hoton lamba cikin daƙiƙa, don haka yaro ɗaya ya isa ya ba majalisar ƙofar gida gaba ɗaya. In kana son yi wa baƙi da maƙwabta alheri, buɗe musu layin baƙi daban mai iyakar gudu, ka riƙa leƙa jerin wayoyin da ke haɗe lokaci-lokaci.