Bin Sawun Ƙwayar Cuta

A watan Agustan 2016 aka tabbatar da cewa yara biyu a jihar Borno, ɗaya a Gwoza ɗaya a Jere, sun kamu da shan-inna. Abin ya girgiza ma'aikatan lafiya, domin rabon da a ga cutar a Najeriya tun Yulin 2014, a Sumaila ta jihar Kano, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ƙasar daga jerin waɗanda cutar ta yi wa kaka-gida. To daga ina ta ɓullo? Baƙuwa ce ta ƙetaro iyaka, ko kuwa 'yar gida ce da ta laɓe?

A jikin ƙwayar cutar aka samo amsa. Kowane abu mai rai, har wanda ido ba ya gani, yana ɗauke da bayanin halittarsa a jere cikin wasu sinadarai huɗu da masana ke yi wa alama da haruffan A, C, G da T. A wasu ƙwayoyin, irin su ta shan-inna, U ce ke zama a gurbin T. Aikin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje shi ne karanta wannan jeri harafi bayan harafi. Na shan-inna gajere ne, haruffa kusan 7,500.

Amfanin karatun yana cikin kurakurai. Duk lokacin da ƙwayar za ta hayayyafa sai ta kwafi jerin nata, kuma jefi-jefi takan sauya harafi. Wanda ya san yadda malamanmu ke kwafar littattafai da hannu zai gane abin nan take: idan marubuci ya tsallake kalma, duk ɗalibin da ya kwafa daga nasa zai gaji tsallaken, har ya ƙara nasa, kuma mai lura zai iya jera kwafe-kwafen ya ce wannan daga wancan aka ɗauko shi. Ita ƙwayar shan-inna kurakuranta suna taruwa a kan wani ƙa'idajjen sauri, kusan harafi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara a sashen da aka saba dubawa. Saboda haka ban da gano danginta, ana iya ƙiyasta shekarun da suka raba ta da su.

Da aka karanta ta Borno, sai aka ga mafi kusa da ita wata ce da aka gani a Bornon a 2011. Wato ta yi wajen shekara biyar tana yawo tsakanin yara a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu riga-kafi shiga, alhali a takarda an ce babu ita. Daga baya aka sami ƙarin yara biyu a Monguno. Wannan ne ya sa aka haɗa ƙasashen yankin tafkin Chadi, ciki har da Nijar, Chadi da Kamaru, a gagarumin aikin riga-kafi, kuma sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da shan-inna ta asali.

Wannan karatu ba ya duba fuskar kowa. Bayan da aka dakatar da riga-kafi a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma wadda ta shanye ƙafafun yara a Yaman da Indunusiya a 2005 an bi salsalarta har Najeriya. Haka kuma da aka sami yarinya mai shan-inna a Malawi a farkon 2022, jerin haruffan ya nuna daga Pakistan ƙwayar ta samo asali.

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa ƙarara, tunda ɓoye shi ne ke haifar da jita-jita. Ɗigon riga-kafin yana ƙunshe da ƙwaya mai rai da aka raunana. A unguwar da yawancin yara suka karɓa, ba ta samun wurin zuwa. Amma inda aka bar yara da yawa babu riga-kafi, takan yi ta wucewa daga yaro zuwa yaro tsawon watanni, tana tara sauye-sauye, har ta dawo da ƙarfinta. Irin wannan ce ke damun Arewa maso Yamma yanzu, kuma da karanta haruffa kaɗai ake bambanta ta da ta asali. Shi ya sa tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatami a Kano ana gwadawa, don a kama ta kafin ta taɓa ƙafar yaro.

Fasahar ba tsohuwa ba ce. A 1977 Frederick Sanger da abokan aikinsa a Ingila suka karanta jerin wata ƙaramar ƙwaya mai haruffa 5,000 da 'yan kai. A 1995 aka kammala na bakteriya ta farko, mai haruffa miliyan 1.8, sannan a 2002 na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wajen miliyan 23. Yau akwai na'urar karatun da ba ta fi tafin hannu ba. A Ede ta jihar Osun, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta tana cikin waɗanda suka fitar da jerin ƙwayar korona na farko daga Afirka a Maris 2020. Da zazzaɓin Lassa ya yi tsanani a 2018 aka ji tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane, karatun ya nuna ƙwayoyin marasa lafiyar sun sha bamban da juna, alamar cewa mafi yawansu kowa daga ɓera ya ɗauka. Hankali ya koma kan rumbu da ma'ajiyar abinci.

 

A ganina raunin aikin yana a matakin farko, domin na'ura abin da aka kawo mata kawai take karantawa. Cikin yara kusan 200 da ƙwayar shan-inna ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanye wa gaɓa, sauran suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Don haka duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana so a kai rahotonsa asibiti da wuri. Ana ɗaukar bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14 da farawar ciwon, a ajiye cikin ƙanƙara, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri.