Kyamarar kama masu gudu: Me za ta tsinana wa hanyoyin Magarya da Dungas?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 11 da ta taso daga birnin Damagaram tana ratsa Dogo da Bande kafin ta isa Magarya, tafiyar kimanin kilomita 90, sannan ta zarce Tinkim a kan iyaka da Najeriya. Ta gabas kuma, gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a shekarar 2011, na maƙwabtaka da Maigatari ta jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. A ranakun kasuwa, manyan motocin kaya da 'yan kabu-kabu da amalanke da garken dabbobi da masu tafiya a ƙasa duk hanya ɗaya suke rabawa, abin da ya sa gudun wuce sa'a ya zama babban haɗari a yankin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. A cewar hukumar, ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Dalilin a fili yake: idan direba ya ninka gudunsa, tazarar da mota ke buƙata ta tsaya bayan taka birki tana ninkuwa sau huɗu.

Wannan ne ya sa wasu hukumomi suka koma ga kyamara mai auna gudu, wadda ke ɗaukar hoton lambar mota a aika wa mai ita takardar tara. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin jihar Legas ta sanar da kafa irin waɗannan na'urori a Alapere da titin Mobolaji Bank Anthony, tare da tarar naira 50,000 ga wanda ya wuce ƙa'ida. Nan take masu motoci da dama suka ce wata sabuwar hanyar tatsar jama'a ce. Irin wannan zargi ne hukumar KAROTA ta Kano ta daɗe tana sha daga direbobi.

Darasi daga Faransa

Faransa ta fara kafa kyamarorin a ƙarshen 2003. Adadin masu mutuwa a hanya ya sauko daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010, kuma masana na ganin raguwar gudu ta taka babbar rawa. Sai dai a watan Yulin 2018, da aka rage iyakar gudu a hanyoyin karkara daga kilomita 90 zuwa 80 a sa'a, jama'a da dama sun ɗauki matakin a matsayin haraji ta bayan fage. A lokacin zanga-zangar masu rigar ɗorawa, ministan cikin gida Christophe Castaner ya ce an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na kyamarorin ƙasar. Ke nan na'urar ta ceci rayuka, amma da yarda ta ƙare, ita aka fara afka wa.

Direban Magarya na da nasa dalilin shakka. Abin da ya saba gani a hanya shi ne shinge: na jandarmomi, na 'yan sanda, na duwan, ga kuma wurin biyan kuɗin hanya. Ƙorafin biyan na goro ba tare da rasit ba tsoho ne a hanyoyin Yammacin Afirka, har ƙungiyar UEMOA ta kafa sashen da ke bibiyar yawan shingaye da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Masu goyon bayan kyamara na cewa a nan ne amfaninta yake, domin na'ura ba ta san ɗan wane ba, kuma ba ta miƙa hannu.

Amma akwai cikas. Kyamara na aiki ne da lambar mota da adireshin mai ita, alhali babura da yawa a karkara ba su da lamba, amalanke kuwa ba a maganarsu. Haka kuma ba za ta cike rami ba, ba za ta hana lodin wuce kima ba, ba za ta sanya wa amalanke fitila da dare ba.

Yadda ake gane manufa

Abubuwa uku ne ke nuna ko tsaro ake nema ko kuɗi. Na farko, wurin da aka kafa na'urar: bakin kasuwa da makaranta da mashigar gari inda ake yawan buge mutane, ko kuwa miƙaƙƙiyar hanya a daji inda kamu ya fi sauƙi. Na biyu, ko an sanya allon gargaɗi kafin a iso ta, domin mai son a rage gudu ba ya ɓuya. Na uku, ina kuɗin tara ke tafiya, kuma ko ana bayyana wa jama'a alƙaluman haɗurra kafin kafa ta da bayanta.

Waɗannan tambayoyi ne da hukumar kiyaye haɗurra ta Nijar, ANISER, da ƙananan hukumomin yankin za su buƙaci amsa su duk ranar da batun ya taso. Kafin nan, allunan iyakar gudu da tudun rage gudu a mashigar garuruwa irin su Bande, da tarar da ake biya da rasit, matakai ne masu araha da mazauna bakin kwalta za su iya ganin amfaninsu da idonsu.