Gwajin CRP a jinin jariri: me ƙaramar na'urar nan ke iya faɗa?

Da zarar an kwantar da jariri a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko wani asibiti tsakanin Kawo da Tudun Wada, hoton takardar gwaji ya fara yawo a WhatsApp ɗin dangi. Kai mai babbar waya za a turo wa: "Duba mana, mene ne CRP?" Kafin ka ruga Google, ga yadda abin yake.

Ƙwayoyin cuta kan shiga jinin jariri su galabaita shi cikin 'yan awanni, shi kuwa ba bakin faɗa. Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne a zuba jinin a kwalba ta musamman a jira ƙwayoyin su hayayyafa. Wannan kan ci kwana biyu ko fiye, kuma ɗan jinin da ake iya ɗiba a jikin bakwaini, kamar mil 1, wani lokaci ba ya nuna komai ko da cutar na nan. Shi ya sa likita ke fara allurar kashe ƙwayoyin cuta tun sakamako bai fito ba.

A wannan giɓin CRP ke shigowa. Sinadari ne da hanta ke sakowa cikin jini idan jiki ya shiga yaƙi, an gano shi tun 1930 a Amurka. Yanzu na'urori irin su Finecare da ichroma, waɗanda ake ɗorawa a kan teburi, suna auna shi cikin mintuna daga ɗigon jini. Yawanci 10 mg/L ake ɗauka a matsayin iyaka.

Sai dai hanta ba ta da sauri. CRP kan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya fara tashi, ba ya kai ƙololuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Jaririn da aka auna da wuri zai iya nuna 3 alhali cuta na cinsa. Wahalar haihuwa kaɗai ma kan ɗaga shi. Mu masu rubuta manhaja mun san lamba ba ta da amfani idan ba a san lokacin da aka ɗauke ta ba. To haka nan. Don haka ake maimaita gwajin bayan awa 18 zuwa 24. A ganina babban amfaninsa na nan: idan sau biyu ya fito ƙasa, kwalba ba ta nuna komai ba, jariri kuma yana shan nono, likita na da hujjar dakatar da allura.

Dakatarwar ba ƙaramin abu ba ce. Binciken BARNARDS, wanda Asibitin Murtala na Kano ya shiga, ya nuna ƙwayoyi irin su Klebsiella sun fara raina ampicillin da gentamicin, magungunan da aka saba farawa da su. Yawan allura ba dalili na ƙara musu taurin kai.

Akwai procalcitonin, ya fi CRP saurin tashi, amma ya fi tsada, kuma yakan hau da kansa a kwana biyun farko ko jariri lafiyarsa lau.

A gida kuwa, agogon wayarka ya isa: ƙirga numfashin jariri na minti ɗaya yana kwance shiru. Idan ya kai 60, ka sake ƙirgawa. In ya maimaita, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.